Kwarkwaro ko manaɗi: zaren da ke haɗa mai nutso da saman teku

Da zarar direban ɗan kwalekwalen roba ya zuba masu nutso a gefen tsibiran Al-Akhawain, can tsakiyar Bahar Maliya, to shi da su sai dai kumfa. In ruwa ya kwanta, yana iya bin sawun kumfar numfashinsu da ido. In kuwa iska ta taso, raƙuman ruwa suka fara tashi, ko kumfar ba ya gani. Su kuma suna can ƙasa, mita 20 ko 30, da tukwanen iska a bayansu, ruwa yana jan su ta jikin bangon murjani zuwa inda ya ga dama. Tsibiran nan biyu sun fi kilomita 60 daga gaɓar Masar. Wanda ya taso ba a gan shi ba, ruwa ya yi gaba da shi, sai dai a bazama nema.

Maganin da masu wannan harka suka samo shi ne balan-balan na alama. Dogon bututu ne na leda mai kauri ko yadin nailan, tsawonsa daga mita ɗaya zuwa kusan biyu, ja ko ruwan lemo, a naɗe cikin aljihu. Tun mutum yana ƙasa zai warware shi, ya hura masa iska, ya sake shi ya harba sama, ya je ya tsaya tsaye a kan ruwa. Direba ya hango shi ya matso, sauran jirage masu farfela kuma su san akwai mutum a ƙarƙashi su kauce. Tsakanin balan-balan ɗin da mai shi akwai siririn zare, zaren kuma a jikin wani abu yake naɗe, ko kwarkwaro ko manaɗi mai hannu. A kan wannan abin naɗi ne gardama take.

Sabon shiga yakan ɓata lokacinsa wajen zaɓen balan-balan, launinsa da tsawonsa, sannan ya karɓi duk abin naɗin da mai shago ya miƙo masa. A ganina ta wutsiya ya fara. Balan-balan shi kaɗai ba ya cutar da kowa. Haɗarin yana cikin 'yan daƙiƙoƙin da ke tsakanin hura shi da isarsa sama, lokacin da zare ke fita a guje daga hannun mutum. Saboda haka tambayar da ta kamata a yi wa kowane abin naɗi ita ce: ranar da zai ci amana, ta wace hanya zai ci, kuma mai shi zai iya rabuwa da shi nan take?

Sai an san abin da ruwa ke yi wa iska kafin a ga nauyin wannan tambaya. A zurfin mita 10, matsin da ke kan mutum ya ninka na saman ruwa sau biyu. A mita 20 sau uku, a mita 30 sau huɗu. Iskar da aka hura a ƙasa tana kumbura gwargwadon haka in tana hawa, wato lita ɗaya a mita 30 za ta isa sama tana lita huɗu. Wannan ita ce dokar da Robert Boyle ya bayyana a 1662, kuma babu mai nutson da ba a koya masa ita a makon farko. Sannan kowace lita ɗaya ta iska tana ɗaga kusan kilo ɗaya a cikin ruwa. Shi kuwa mai nutso ya daidaita nauyinsa ne ta yadda ba ya hawa ba ya sauka, don haka kilo biyu ko uku sun isa su fara jan sa. To a ce zare ya sarƙe masa, a ɗaya bakin kuma akwai balan-balan mai cin lita 10. Yana hawa iskar tana kumbura, tana kumbura jan yana ƙaruwa, ita ma iskar da ke cikin rigarsa ta daidaita nauyi tana kumbura tare da ita. Mutumin da bai kamata ya wuce mita 9 ko 10 a minti ɗaya ba sai ya tsinci kansa a sama kafin ya ankara. Iskar naitirojin da jikinsa ya sha a ƙasa tana iya yin kumfa a cikin jini da gaɓoɓi, ciwon da kan kai ga shanyewar jiki. In kuma ya riƙe numfashi don firgici, huhu na iya yagewa. Ga shi ya faso ruwa ba shiri, a wurin da jirage ke kai da kawo.

Kwarkwaro ba shi da wata dabara a jikinsa. Faifai biyu ne ƙanana da bututu ya haɗa, rami a cibiya, 'yan ramuka kewaye da gefe, an yi shi da roba mai tauri irin Delrin, ko alminiyam, ko ƙarfen da ba ya tsatsa. Ana riƙe shi sako-sako tsakanin babban yatsa da manuniya, ya yi ta juyawa zare na fita. In an so tsayar da shi, sai a sa ƙugiya mai baki biyu ta kama zaren da ɗaya daga cikin ramukan gefe. Daga wajen masu shiga kogwannin ruwa ya bazu, musamman na jihar Florida a Amurka, waɗanda ke amfani da shi wajen haɗa wani zaren jagora, wato zaren da ke nuna hanyar fita, da wani. Ƙungiyoyin horarwa irin GUE, wadda aka kafa a 1998, sun taimaka ƙwarai wajen mayar da shi abin harba balan-balan.

Manaɗi kuwa na'ura ce sosai. Ganga ce mai juyawa a kan sanda, a cikin firam, da mariƙi, da hannun naɗewa, da makulli. A wasu makullin sukurun ɗaurewa ne, a wasu kuma haƙora ne da kunama: ka danna kunama zare ya fita, ka sake ta ya tsaya, in ka juya hannu ya naɗe yana ƙas-ƙas ba ya komawa baya. Wannan mai kunamar ya daɗe yana cin kasuwa a Birtaniya, a kulob-kulob ɗin BSAC, ƙungiyar masu nutso da ta faro tun 1953.

Cin amanar manaɗi sarƙewa ce. Balan-balan ya harba, ganga tana juyawa da ƙarfin tsiya, sai ya isa sama ko ya rage gudu, ita kuwa gangar ba ta sani ba, ta ci gaba da juyi. Zaren da ya saki sai ya tsallake leɓen ganga ya nannaɗe sandar tsakiya. Duk telan da zare ya taɓa cukurkuɗe masa a ƙarƙashin allurar keke ya san yadda komai ke tsayawa cak, sai dai a nan akwai abin da ke ja a ɗaya bakin. Wani lokacin ma ba sarƙewa ba ce, yatsa ne ya zame daga kan kunama ana tsakiyar tafiya, haƙora suka cije, aka fizge hannu. Ga firam da mariƙi da hannun juyawa, kowanne wurin da tiyon numfashi ko maɗaurin kwamfutar hannu mai nuna zurfi zai iya maƙalewa ne. Maganin duk wannan ɗaya ne, a buɗe hannu a bar shi ya tafi. Malamai suna ta nanata haka, amma hannun ɗan Adam ba ya son sakin abin da ya saya da tsada, kuma daƙiƙa uku na shakka sun isa a ɗaga mutum mita da yawa. Ni dai ina ganin tsadar manaɗi na cikin aibobinsa, ba don aljihu kawai ba.

Kwarkwaro ba shi da abin da zai sarƙe. Nasa laifin suɓucewa ne. In ya kuɓuce bayan balan-balan ya isa sama, sai ya nufi ƙasa yana warwarewa, kuma a bango irin na Al-Akhawain ko Elphinstone, shi ma a Bahar Maliya, babu ƙasan da zai tare shi. Mai shi zai yi ta jawo zare da hannu har mita 30 su ƙare kafin kwarkwaron ya dawo, a lokacin kuma tulin zare na yawo kusa da ƙafafunsa. Abin kunya ne, kuma yana buƙatar natsuwa, amma ba ya jan kowa sama. In kuwa ana cikin harbawa ne ya kuɓuce, sau da yawa yakan ɗan bi zaren sama yana juyi sannan ya sauko, a miƙa hannu a cafe. Inda yake zama mugu shi ne in mutum ya cusa yatsa cikin ramin cibiyar, musamman da safar hannu mai kauri. Yatsa ya cije a ciki, an koma matsalar manaɗi, kuma wannan karon ba a ma iya saki. Wani aibinsa shi ne ƙugiya takan kwance a cikin aljihu, mutum ya zura hannu ya zaro tsumman zare. Ana kauce wa haka ta hanyar zura madaukin bakin zaren ta cikin ramin gefe kafin a maƙala ƙugiyar, ba a bar ƙugiyar ita kaɗai ta riƙe komai ba. Sai kuma wahalar naɗewa. In kowane zagaye yana cin santimita 15, mita 30 zagaye 200 ke nan, da hannu, ana kuma lura da zurfi da abokin tafiya.

Idan aka auna laifukan nan biyu, ga mai nutson shaƙatawa a ruwa mai ɗumi ban ga dalilin ɗaukar manaɗi ba. Bahar Maliya ko da hunturu ruwansa ya haura digiri 20, yatsu suna ji suna aiki, ana gani nesa. Haka abin yake a gefen Sudan, a Sanganeb da Sha'ab Rumi, da wurin jirgin Umbria na Italiya da ma'aikatansa suka nutsar kusa da Port Sudan a watan Yunin 1940. Kwarkwaro mai mita 30 ko 45 ya wadatar, ya shige aljihu, ba ya lilo a jiki yana karce murjani.

Amma a je Scapa Flow, a tsibiran Orkney na arewacin Scotland, inda Jamusawa suka nutsar da jiragen yaƙinsu da hannunsu ranar 21 ga Yunin 1919. Manyan jiragen da suka rage, irin su Markgraf da König, suna kwance a zurfin da ya kai wajen mita 40 zuwa 45. Ruwan yana yin ƙasa da digiri 10 watanni da yawa a shekara, safar hannu mai kaurin milimita 5 ce ko wadda ruwa ba ya shiga, yatsu sun yi sanyi sun dakushe. A ce wa mai irin wannan hannu ya yi wasa da ɗan faifai da ƙugiya a cikin duhu, an ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. A nan manaɗi mai babban mariƙi da zare mita 60 ko fiye shi ne daidai, domin sau da yawa daga kan nutsattsen jirgin ake harba alamar, kuma hawan dogo ne mai zango-zango, inda haƙoran ke riƙe zare a miƙe ba tare da an yi ta kullewa da buɗewa ba. Mutanen da suka ƙirƙiro wa kansu wannan al'ada ruwansu suka duba.

Batun tsawon zare yana da ɗan lauje cikin naɗi. Ana sayar da kwarkwaro mai mita 15, mai 30, mai 45, kuma mai 15 ɗin yana da farin jini saboda ƙanƙantarsa. Masu sayensa suna cewa ai ba za su harba ba sai sun zo mita 5, inda ake tsayawar minti uku ta kariya kafin a fita. To amma mita 5 ne wuri mafi wuya. Matsi a nan ninki ɗaya da rabi ne kacal, saboda haka in ana so balan-balan ya isa sama a cike, sai an cika kashi biyu cikin uku nasa tun a hannu. Ga mai lita 10, jan sama da kilo 6 ke nan mutum yake riƙe da shi, a zurfin da ɗan motsi kaɗan ke sauya matsi fiye da ko'ina. A mita 10 rabi ya isa, a mita 20 kashi ɗaya cikin uku, numfashi ɗaya ko biyu ya tafi, kumburi ya ƙarasa aikin a hanya. Wanda ya harba daga mita 10 zuwa 15 ya fi samun sauƙi, kuma ko an ɗan ja shi yana da sararin gyarawa.

Sannan zare ba ya tashi a miƙe. Iska tana tura balan-balan a sama, ruwan sama kuma ba lallai gudunsa ya zo ɗaya da na ƙasa ba. In zaren ya karkata da digiri 45, wanda ke mita 20 yana buƙatar sama da mita 28. Shi ya sa ake cewa a ɗauki zaren da ya kai zurfin da za a harba sau ɗaya da rabi. Zare ya ƙare balan-balan bai isa sama ba, ai daidai yake da sarƙewa.

Akwai kuma dalilin da ya fi wannan na kada a jira mita 5. Ruwan da ke gudun kilomita 3 a awa yana tafiya da mutum mita 50 kowane minti. Minti goma na hawa da tsayawar kariya, rabin kilomita ke nan daga inda direba ke zaton ganin sa, kuma kan mutum a cikin raƙuman ruwa ba abin da ake hangowa daga irin wannan nisa ba ne. Tarihin harkar cike yake da labaran waɗanda ruwa ya raba da jirginsu. A watan Yunin 2008 ruwa ya ja Turawa biyar a yankin Komodo na Indonesiya, suka yi sa'o'i da yawa suna yawo a kan teku har suka kai tsibirin Rinca, ba a same su ba sai bayan kusan kwana biyu. A Fabrairun 2014 wasu mata bakwai 'yan Japan sun ɓace kusa da Nusa Lembongan a Bali, aka ceto biyar, biyu suka rasu. Da mutum ya ji ruwa ya raba shi da bangon murjani, ko ya rasa igiyar hawa a wuri irin na jirgin Thistlegorm a Bahar Maliya, wanda jiragen saman Jamus suka nutsar a Oktoban 1941 kuma yake kwance a wajen mita 30, to lokacin aika alama ya yi, ko a wane zurfi yake. Zaren da ke aljihunsa dole ya zama mai iya wannan.

Shi kansa zaren, nailan saƙaƙƙe aka fi so, fari ko ruwan ɗorawa ko ruwan lemo. Nailan ya fi ruwa nauyi kaɗan, in ya saki ƙasa yake nufa. Zaren roba mai tasowa sama kuwa, in ya saki, kan mutum da bawul ɗin tukunyarsa yake zuwa ya nannaɗe, wurin da ido ba ya kaiwa. Ko wanne aka ɗauka, ba a shiga ruwa da zare sai da wuƙa ko ɗan abin yanka a inda kowane hannu zai iya kaiwa.

Sabon kwarkwaro ba a amince masa yadda ya fito daga leda. Masana'anta sukan cika shi maƙil har zare ya rufe ramukan gefe, ƙugiya ta rasa wurin shiga. A warware shi gaba ɗaya a tsakar gida, a duba ko ƙarshen zaren a ɗaure yake da cibiya, domin ana samun wanda ba a ɗaure ba, kuma ranar da ya faɗi ne za a gane. A yanke abin da ya yi yawa, a jiƙa sauran, a sake naɗewa da hannu daidai wa daida, ba a ja shi da ƙarfi sosai ba, saboda nailan da aka naɗe a miƙe yana matse roba har ya lanƙwasa ta. A baki a yi madauki babba wanda kwarkwaron zai iya wucewa ta cikinsa, shi ne ake zura wa zoben balan-balan ba sai an yi ƙulli a ruwa ba. Wasu suna yin ƙulli ko alamar tawada a mita 5 don su san wurin tsayawa. Yana taimakawa in zare a miƙe yake, in ya karkata ƙarya yake faɗa, kwamfuta ce abin dubawa. Manaɗi ma haka, a rage masa zare har ya sauka ƙasa da leɓen ganga, domin yawancin sarƙewa daga cikawa take.

Wajen harbawa akwai ƙa'idar da ba ta da togiya: ba a maƙala abin naɗi a jiki, ko a riga, ko a wuyan hannu, sa'ad da balan-balan ke tafiya. A fara daidaita nauyi, a sanar da abokin tafiya, a haɗa zare da balan-balan, a tattare duk wani rarar zare, a ɗaga kai a duba ko akwai mutum ko jirgi a sama, a miƙa hannuwa gaba nesa da tiyo, sannan a hura. Yadda ake hurawar ya danganta da irin balan-balan ɗin. Mai buɗaɗɗen gindi ana cika shi da kumfar numfashi ko da abin shaƙa na biyu da ke haɗe da tukunyar iska, amma in ya kwanta a sama sai ya zubar da iskarsa. Akwai mai gindin da ke rufe kansa, akwai kuma rufaffe ruf wanda ake hurawa da baki ko da tiyo, da bawul mai fitar da rarar iska don kada ya fashe. Cusa abin shaƙa cikin gindin balan-balan shi ne hanyar da na fi tsoro, domin igiyoyin gindin na iya kama shi, a ruwan sanyi kuma yana iya ƙanƙarewa ya yi ta zubar da iska ba tsayawa. Wanda ya fitar da numfashi daga huhunsa ya zuba a balan-balan bai ƙara wa kansa komai ba, iskar ce kawai ta sauya wuri, shi ya sa hurawa da baki ta fi lafiya ga ƙaramin balan-balan.

Da ya isa sama, a tsayar da juyin da yatsa, a ja zare ya miƙe. Balan-balan ba ya tsayawa tsaye sai ana ɗan jan sa daga ƙasa, in aka sake masa kwanciya yake yi, kwantacce kuwa direba ba ya ganin sa. Daga nan kowane mita aka hau sai an naɗe shi, ba a yarda zare ya yi ciki ba. Game da launi, a Birtaniya da wajen masu nutso mai zurfi an saba ja ko ruwan lemo na nufin lafiya lau, ruwan ɗorawa kuma na nufin akwai matsala. Ba ko'ina aka san wannan ba, sai an yi magana da direba tun kafin a sauka.

Kada kuma a haɗa wannan aiki da na zaren jagora. Masu shiga kogo ko cikin nutsattsen jirgi suna ɗaukar babban manaɗi mai mita 100 ko fiye, suna shimfiɗa zare don su gane hanyar fita in laka ta turnuƙe. Wannan horo ne na daban, kuma wanda ya shimfiɗa zarensa a cikin jirgi ba shi da abin harba alama sai in ya zo da na biyu. Da yawa daga cikin masu riƙe manaɗi ma suna ajiye kwarkwaro da ƙaramin balan-balan a aljihu, saboda ranar da za su buɗe hannu su bar na farko ya tafi.

Ko wanne mutum ya saya, wurin gwajinsa na farko ruwa ne marar zurfi, mita 5 ko 6, kusa da malami, da irin safar hannun da zai sa ranar aiki. A harba, a naɗe, a sake, har da gwada saki da gangan don hannu ya saba. Bayan kowace fita teku a wanke shi da ruwan daɗi, manaɗi a juya gangarsa a cikin ruwan don gishiri da yashi su fita daga haƙora, a bar zaren ya bushe a inuwa, a kuma bi mitocin farko da yatsa, nan ne yake fara cinyewa.